Bashin biki: amsa ga 'yata mai shirin aure a Disamba

Salama, 'yata. Sau biyu na karanta tambayarki kafin na fara rubutu. Kin ce ƙawaye sun kafe sai an fitar da anko kala biyu, an kama zauren biki, an ɗauko mai kwalliya da mai bidiyo, angon kuma yana so ya ci bashi a manhajar waya don kuɗin su kai. Kina tambaya ko ƙin yin haka rowa ce, ko zai zubar da mutuncin gidanku. Ba rowa ba ce. Sai dai wannan kaya ba ke kaɗai za ki iya sauke shi ba, kuma a kan haka nake so mu yi magana.

An ɗaura aurena a 1994, a wani ƙauye kusa da Garkida. Abin da na fi tunawa shi ne babu wanda ya zo hannu rabbana, kuma babu wanda aka yanka wa kuɗi. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'armu, sun kwana uku suna daka da surfe. Wannan ta kawo mudun shinkafa, waccan kwalbar man gyaɗa, matasa suka yo itace suka kafa rumfa da zana, aka jera bencinan majami'a a ƙarƙashinta. Kamar gayya ce, yadda ake taruwa a gonar mutum ɗaya yau, gobe a koma ta wani. An ci an sha kunu har dare, washegari ba mai bin mu ko sisi. Yanzu aikin da hannuwan 'yan'uwa suke yi an mayar da shi abin saya: mai girki na haya, rumfa ta haya, har mai gabatar da baƙi na haya. 'Yan'uwa sun koma 'yan kallo, ɗan kallo kuwa aikinsa auna biki da na makon jiya. Tsoron wannan awon ne yake tura angonki wajen bashi, ba son alfahari ba.

Ki duba zanen Zumuntar Mata. Nawa ya haura shekara goma, da shi nake zuwa aure, da shi nake zuwa jana'iza da babban taro. Idan muka jeru muna waƙa, ba ki gane matar darakta da mai sayar da ƙosai. Ma'anar sa kaya iri ɗaya ke nan. Anko ya juyar da ita. Na san gwauruwa a ikilisiyarmu da ta daina zuwa bukukuwa, ba don ba ta ƙaunar amaren ba, sai don ba ta da kuɗin atamfar da aka fitar, kuma kunya ta hana ta zama a gefe da tsohon zane. Wannan ya fi damuna fiye da kuɗin da ake kashewa.

Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, an koya mana tun muna yara cewa ikilisiyarmu ta fara ne a gindin tsamiya a Garkida, a watan Maris na 1923, kuma waɗanda suka kawo bisharar mutane ne masu son rayuwa mai sauƙi da zaman salama. Ban gane nauyin wannan ba sai a Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi suka kama hedkwatarmu da ke Kwarhi. Muna Jos a lokacin. Ɗakunanmu uku suka cika da dangi da waɗanda ban taɓa gani ba, wasu da kayan jikinsu kawai. Cikinsu akwai wadda ta baro kabad cike da atamfofi da kwanukan da ba ta taɓa cin abinci a ciki ba. Ba su ta yi wa kuka ba. Abin da ya riƙe mu shi ne buhun masara da wata majami'a ta aiko, da tabarmin maƙwabta, da matan da suke zuwa da yamma a yi addu'a a tuƙa tuwo tare. Abin da ake karanta mana a Ayyukan Manzanni sura 2 da 4, na masu bi da suke raba abin hannunsu har ba mai rashi a cikinsu, na gan shi a tsakar gidana.

Kada ki ɗauka ina cewa a yi biki kamar zaman makoki. Ubangijinmu ya je bikin Kana, har ya rufa wa masu gida asiri da ruwan inabi ya ƙare. Ki yi kyau, ki yi rawa. Amma shi ne kuma ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, kuma a Luka 14 ɗin nan ya ce in za a yi liyafa a kira matalauta da guragu da makafi. Karin Magana 22:7 ya kira mai cin bashi bawan mai ba da shi. Masu bashin waya kuwa ba su da sirri: in lokaci ya wuce, wasunsu saƙon tozarci suke aika wa lambobin da ke cikin wayar mutum. Na ga saurayi da aka yi wa haka wata biyu bayan aurensa, saƙon ya kai har wayar surukinsa.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Ki zauna da angonki ku rubuta abin da ke hannunku, ku fara ware kuɗin haya da abincin wata uku, abin da ya rage shi ne kuɗin biki. Sai ki je wurin shugabar mata zumunta da mamarki, ki ce kina roƙon iyaye mata su ɗauki girki kamar dā. Za ki yi mamakin yadda za su ji daɗi, domin da yawanmu muna jin an ajiye mu gefe. Ki roƙi fasto harabar majami'a a maimakon zaure. Anko kuma ki faɗi launi kawai, kowa ya sa abin da yake da shi, kuma ki sa a sanar da haka daga bagadi domin kada a ce daga bakinki kaɗai ya fito. In mahaifiyar ango ce ta ƙi, kada ki tunkare ta da kanki. Dattijuwa sa'arta za ki tura.