Ko Ya Dace In Nemi Muƙamin Da Ya Fi Wanda Aka Tallata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata bakwai ina aikin akanta a wani kamfani a Kaduna, ina da shaidar ƙwarewa ta ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, kuma mutum huɗu ne ke aiki a ƙarƙashina. Wani kamfani a Kano ya kira ni intabiyu, sai dai gurbin da suka tallata na ƙaramin akanta ne. Ina son aikin, amma ina jin nauyin neman muƙami na gaba, kada a ɗauke ni mai zari. Mece ce shawararku?
Daga wata mai karatu, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki nema, domin a rashin tayi akan bar arha. Na san an raine mu a kan cewa yabon kai abin kunya ne, to amma bayyana aikin da kika riga kika yi, da hujjojinsa a hannu, gaskiya ce wadda masu ɗaukar ma'aikata suke bukatar ji kafin su yanke hukunci.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da za ki ɗauko zancen. Kada ki fara da shi. Ki bari sai sun gama tambayoyinsu, sun ji yadda kike rufe lissafin wata da yadda kike tafiyar da waɗanda ke ƙarƙashinki, sannan idan suka ba ki damar yin tambaya, ko kuma suka kira ki da tayin aiki, wanda shi ne lokacin da kika fi ƙarfi, sai ki ce: "Ayyukan da kuka lissafa na saba da su, har ma ina kula da masu yin su, shin akwai damar a duba ɗaukata a matsayin babbar akanta?" Ki jingina bukatarki da abin da kamfanin zai amfana da shi, ki bar batun tsadar rayuwa ko kuɗin haya a Kano, domin ba su ne ake auna muƙami da su ba.

Da a aikin gwamnatin tarayya ne, inda matakan albashi suka tashi daga 01 zuwa 17, kuma mai digiri na farko kan shiga a mataki na 08, da na ce kada ki sa rai sosai, saboda tsarin aiki ne ke yanke matakin. Kamfani mai zaman kansa kuwa yana da sararin sauya gurbi idan ya ga wadda ta dace.

Ki kuma lura da cewa sunan muƙami kaɗai ba ya wadatarwa. Ki tambayi wanda za ki riƙa kai wa rahoto, da yadda aka kasa albashin, domin a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kashi 8 cikin 100 da ake cira daga gare ki da kashi 10 da kamfani ke zubawa ana lissafa su ne, aƙalla, a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri.

Idan suka ce kasafinsu bai kai ba, ki nemi a sake duba matsayinki bayan wata shida, kuma a rubuta hakan a cikin takardar ɗaukar aiki. Na nanata wannan ne saboda manajan da ya yi miki alkawari da baki zai iya barin kamfanin kafin lokacin ya yi. Kada kuma ki ajiye aikinki na Kaduna sai wannan takarda ta shigo hannunki, kin karanta ta a tsanake.