Amsa: ajin A, B da C na mota mai ɗaki

Malam, ka tambayi bambancin ajin A, B da C na mota mai ɗaki, wato motar da ake kwana a cikinta kamar gida, to 'yan Amurka ne suka rarraba su haka. A ita ce babba, kamar lagzuriyas bas, da kicin da bayi da falo, amma shan mai ba a magana. B ƙaramar ce, irin Sprinter ko Transit da aka sa wa gado da risho. C tana tsakiya, za ka gane ta da gadon da ya leƙo saman kan direba.

Ni dai a Legas ɗin nan B zan ce maka, don wallahi ka shiga goslo na Agege da A sai ka yi kuka, ga wajen fakin babu, ita kuwa Sprinter kayan gyaranta ana samu a kasuwar Ladipo.