Ina son ƙera ƙaramin jirgin Cutty Sark da katako, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Zariya. Tun ina yaro nake ƙera motocin kara da na gwangwani, yanzu kuma ina ɗan taɓa aikin kafinta. Kwanaki na ga hotunan ƙananan jiragen ruwa na ado da ake yi da katako, wani da ake kira Cutty Sark ya tsaya mini a rai saboda yawan filafilansa da igiyoyinsa. Na duba kuɗin wanda ake sayarwa a kwali mutum ya harhaɗa da kansa, ya fi ƙarfina. Zan iya yin nawa daga tushe? Wane girma zan yi shi, kuma da wane katako?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, amma kada ya zama shi ne na farko. Idonka ya iya zaɓe, sai dai ya zaɓo maka ɗaya daga cikin jiragen da suka fi ba masu wannan sana'a wahala.

An ƙera Cutty Sark a garin Dumbarton na Sikotilan a 1869 domin ɗauko ganyen shayi daga Sin zuwa Landan, a zamanin da jirgin da ya riga isowa da sabon ganye shi ke cin kasuwa. A shekarar ce kuma aka buɗe mashigin Suwez, jiragen tururi suka samu gajeriyar hanya suka ƙwace cinikin, shi ya sa daga baya ya koma jigilar gashin tumaki daga Ostireliya. Yanzu yana ajiye a Greenwich cikin Landan. Ya yi gobara a 2007, aka gyara shi aka sake buɗe shi ga masu kallo a 2012. Tun da don gudu aka yi shi, goshinsa siriri ne ƙwarai, jikinsa kuma babu wurin da yake miƙe sak, ko'ina lanƙwasa ce. Igiyoyinsa in aka jera su sun kai kusan kilomita 18. Wanda bai taɓa ɗaure ko jigo ɗaya ba (wato dogon sandan da ke tsaye yana ɗauke da filafilai) ya faɗa wannan, yawanci gangar jikin ce kawai ake tararwa a saman kwaba bayan shekara biyu, ƙura ta rufe ta.

Maganar girma ita ce ta farko, domin ita ce ta raba wannan aiki da motar kara. A motar kara ido ne ke yin awo. A nan kuwa lamba ɗaya ake zaɓa, a raba kowane abu na jirgin da ita, tun daga tsawon jiki har kaurin igiya. In ka ga an rubuta 1:96, ana nufin kowane abu an rage shi sau 96. Gangar jikin Cutty Sark ta kai kusan mita 65, to naka zai zama santimita 67 da rabi. In aka haɗa da sandar da ta miƙe a goshi, tsawon ya kai mita 85, wato kusan santimita 89 a tebur ɗinka. Babban jigon zai tashi kusan rabin mita. Mutumin da ke tsaye a kan jirgin bai kai santimita 2 ba. Igiya mai kaurin santimita 2 da rabi za ta koma zare mai kaurin kusan rubu'in milimita. Kilomita 18 ɗin nan kuma za su zama zare sama da mita 180 da za ka ɗaura da hantsaki, ƙulli bayan ƙulli.

Lambobi irin su 96 da 48 daga awon Ingila suka fito, inda inci 12 ke yin ƙafa ɗaya. Rubu'in inci a madadin ƙafa shi ne 1:48, kuma da shi aka yi yawancin samfuran da ake ƙera wa hukumar jiragen yaƙin Ingila tun ƙarni na 17. Rabin wancan shi ne 1:96. Kai da ke aiki da rula mai santimita, ka ɗauki 1:100 ko 1:50 ka huta da lissafi: a 1:100 kowace mita ɗaya santimita ɗaya ce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a sauya lamba a tsakiyar aiki. Sababbi sun fi faɗawa nan wajen igiya da kauri. Jiki ya fito daidai, sai a ɗaura masa zaren da in aka mayar da shi girman gaske ya kai cinyar mutum, ko a yi ƙofa da katakon da ya yi kaurin bango. Mai kallo ba zai san abin da ya ɓaci ba, amma zai ce abin wasan yara ne.

Da rarrafe yaro kan tashi. Shawarata ka fara da kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau. Ya kai shekara 8,000 ko kusa da haka, yana cikin mafiya daɗewa da aka tono a duniya. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, daga itace ɗaya aka fafe shi. A 1:20 zai ba ka tsawon santimita 42 da faɗin 2 da rabi, kaurin gefensa kuma kamar milimita 2 da rabi. Ka ga babu jigo, babu igiya, amma zai koya maka abu biyu da duk sauran aikin ya dogara a kansu: sa dama da hagu su yi daidai, da fafe katako har ya yi sirantar da lissafi ya ce ba tare da ka huda shi ba. Daga nan ka yi ƙaramin jirgin masunta mai jigo ɗaya da filafili ɗaya ko biyu. Na uku ko na huɗu sai Cutty Sark.

Ko wanne za ka yi, sai da zanen jiki. Hoto ba ya wadatarwa, domin kyamara tana karkatar da awo. Zanen jiki kashi uku ne: jirgin daga gefe, jirgin daga sama da layukan da ke nuna faɗinsa a kowane mataki na tsayi, sai kuma na ukun da ke nuna siffarsa in an yanka shi a gicciye wuri-wuri daga goshi zuwa baya. Na Cutty Sark ba ya wuyar samu, zanen da George Campbell ya yi shi ne masu ƙira suka fi dogara da shi. In za ka buga a shagon kwamfuta, ka auna layin awon da ke jikin takardar da rula bayan ta fito, saboda injin bugawa yakan rage ko ya ƙara ba tare da an sa shi ba.

Hanyoyin yin gangar jiki da za su amfane ka biyu ne. Ta farko ita ce hawa-hawa: ka yanka falankai masu kauri ɗaya, kowanne bisa layinsa na zanen sama, ka fafe tsakiyarsu, ka manna su ɗaya kan ɗaya. Abin zai fito da matakala a gefe, sai ka bi da kurfi da magagari da samfefa kana cinye matakalar. Ka yanka kwali bisa zane na uku, kowane yanki da lambarsa, kana kara shi a jiki a wurinsa. Inda haske ya ratsa tsakanin kwali da katako, aiki bai ƙare ba. Ga Cutty Sark ni wannan nake zaɓar maka. Saman jikinsa baƙin fenti ne, ƙasan kuma an lulluɓe shi da faranta na wani ƙarfe mai ruwan rawaya, haɗin jan ƙarfe da tutiya, don hana tsutsar teku da gansakuka. Ke nan ko ka sha wahalar jera siraran katakai, fenti da faranta za su rufe su. Kada ka shafa wa ƙasansa jan fenti irin na jiragen zamani, kuskure ne da ake yawan gani.

Ta biyu ita ce wadda kamfanonin da ke sayar da jiragen harhaɗawa a kwali irin su Artesanía Latina na Sifaniya da Amati na Italiya da Billing Boats na Danmak suke bi: ƙashin baya na filawud, a soka masa haƙarƙari, a rufe da siraran katakai ɗaya bayan ɗaya. Za ka buƙace ta a jirgin masunta, kuma nan ne ake gane gwani. Kafin ka manna ko ɗaya, ka goge bakin kowane haƙarƙari ya karkata yadda siririn katako zai kwanta a kansa gaba ɗaya, ba ya taɓa gefe kawai ba. Ka riƙa gwadawa da siriri ɗaya kana lanƙwasa shi a kan haƙarƙari uku ko huɗu a tare. Wanda ya tsallake wannan, jikin jirginsa zai fito da ƙusumbi, kuma samfefa ba ta gyara shi.

Sannan katakan ba faɗi ɗaya suke ba daga farko zuwa ƙarshe. Ka tuna yankan kankana, tsakiya da faɗi, bakin biyu a tsuke. Ka ɗauki tsirin takarda ka auna daga ƙashin baya zuwa bakin jirgi a haƙarƙarin tsakiya. A ce ka samu milimita 60, katakanka kuma masu faɗin 5 ne, guda 12 ke nan. Ka auna na kusa da goshi, a ce 36. Guda 12 ɗin nan dai su ne za su bi ta wurin, saboda haka kowanne sai ya ragu zuwa milimita 3 a nan. Ka yi wa kowane haƙarƙari wannan lissafi, ka sa alama da fensir, ka fere kowane katako kafin ya hau. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada a fere shi ya gaza rabin faɗinsa. In ya kama sai an wuce haka, sai a tsayar da ɗaya kafin ya kai goshi, biyu su koma ɗaya. Don lanƙwasawa, ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka bi shi da dutsen guga ko ka naɗa shi a jikin gwangwani, ka bar shi ya bushe a haka kafin gam. Kuma ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In ka gama gefe guda tukuna, jan katakan zai murɗe ƙashin bayan.

Batun katako kuwa ka kwantar da hankalinka. Obeche da sapele da masu ƙira a Turai suke saye da tsada, daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ake kai musu. Obeche fari ne, marar nauyi, yana bin wuƙa, shi ya dace da jikin hawa-hawa. Aibinsa biyu: ƙwaro yana son sa, ƙurarsa kuma tana tayar wa wasu da asma, don haka ka rufe hanci in kana goge shi. Malaina ma tana yi in ta bushe sosai. Sapele da maɗaci suna da kyan launi amma suna karyewa wajen lanƙwasa, ka bar su don ɗakuna da dokin da jirgin zai zauna. Ka guji duk katakon da jijiyarsa ta fito ɓaro-ɓaro, domin ita ma jijiyar a idon mai kallo an ninka ta sau ɗari. Guntayen da ake zubarwa a 'yan katako sun ishe ka. Jigo da sandunan gicciye kuwa gora ko tsinken tsire, ka sa a bakin injin huda kana matsa masa samfefa har ya tsuke ta sama. Ƙarancin kaya bai taɓa hana wannan aiki ba. Fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa ƙera jirage, wasunsu har yau suna gidajen tarihi.

Farin gam na kafintoci shi ne na katako. Sufa gulu sai inda ƙarfe ya haɗu da katako, kuma ɗigo kaɗan a bakin allura, don yana sa zare ya sandare ya karye.

Akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba, shi ne yanayinmu. Katakon da ka saya da damina zai tsuke da hunturu, tsagi ya buɗe tsakanin falankai. Ka ajiye shi makonni a ɗakin da za ka yi aiki kafin ka yanka, in ka gama jiki kuma ka shafe shi ciki da waje don iska ta daina shiga da fita. Zaren auduga shi ma yana motsi: yana saki da rani, yana ɗamewa da damina. Wanda ya ɗaure igiyoyinsa tamau a watan Janairu, zai iya ganin jigonsa ya sunkuya a Agusta. Zaren roba na teloli ya fi zama lafiya. Ko wanne ne, ka ja shi ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta.

In ka zo igiyoyin, iri biyu ne. Waɗanda ke riƙe da jigo ba sa motsi, su baƙaƙe ne. Waɗanda matuƙa ke ja don juya filafilai launin igiya ne, ruwan ƙasa mai haske. Baƙaƙen ake fara ɗaurawa, daga tsakiyar jirgi zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, in ba haka ba hannunka ba zai samu hanyar shiga ba. Ka tanadi kauri uku ko huɗu na zare, mafi kauri a ƙasa. Filafilan da suka ja hankalinka kuwa, yawancin gwanaye ba sa sa su a wannan ƙanƙanta, domin babu yadin da ya kai sirantar da lissafi ke nema, kuma suna rufe igiyoyin da aka sha wahala a kansu. In dole kana so, ka yi su a naɗe a jikin sandunansu da yadi mafi laushi da ka samu, ka rage tsawonsa zuwa kashi ɗaya cikin uku don naɗin kada ya yi ƙato.

Ka sa kuɗin akwatin gilashi cikin lissafinka tun yanzu, ka kuma auna wurin da zai zauna kafin ka tsayar da lamba. Na 1:100 yana son fili kamar mita ɗaya a tsawo da santimita 65 a tsayi.