Amsoshin Tambayoyinku: Raino, Rarrashi da Ɗan Kuka

Tambayoyin da suka iso mini a wannan karon sun taru a kan jariri da kukansa, galibi daga 'yan mata da samarin da ake bar wa ƙanne ko 'ya'yan maƙwabta idan uwa ta fita. Na taƙaita kowace tambaya, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga Kasala: Malam, yayata ta bar mini jaririnta ta tafi kasuwa, ya yi ta kuka har na rasa yadda zan yi. Sai habbobarmu (kaka da Larabcin Sudan) ta ce, "Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa." Shin da can ana jifan uwa ne idan ɗanta ya cika kuka?

'Yata, ba a taɓa jifan wata uwa saboda kukan jariri ba, kuma kukan da ke cikin wannan karin magana ba na hawaye ba ne. Itaciyar kuka ake nufi, wadda muke miya da garin ganyenta, wadda Larabawan ƙasar nan ta Sudan suke kira tabaldi. Ɗanta kuwa shi ne gongoles ɗin da kike jiƙawa ki sha da azumi. Kuka doguwa ce, jikinta da santsi, ba ta hawuwa da sauƙi, saboda haka yaran da suka hango 'ya'yanta na reto sai su tsinci duwatsu su yi ta jifa. Ɗan suke nema, amma uwar ce take shan dutse. Wanda ya taɓa ratsa yammacin Kurdufan, wajen Nuhud, inda ake fafe cikin tabaldi a tara ruwan damina domin rani, ya san girman uwar da ake magana a kanta. Ana yin karin ne ga yaron da ya yi wayo kuma yake jawo magana: ya fasa wa wani kai a unguwa, ko ya ɗauki abu a shago, sai mai ƙara ya wuce yaron ya tsaya a ƙofar gidan iyayensa. Jaririn da bai cika wata uku ba bai kai wannan matsayi ba.

Abin da ke damuna shi ne kunnen Bahaushe bai kamata ya haɗa kalmomin nan biyu ba. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu duka a sama suke, kukar miya kuwa gaɓar farko a sama take, ta biyu ta sauka. Na farko namiji ne, shi ya sa muke cewa kukan yaro. Ta biyu mace ce, muna cewa kukar bakin kasuwa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, kuma 'ya'yanmu na nan da Larabci suka yi makaranta, boko a waya suka tsince shi, sai ido ya riƙa yanke hukuncin da kunne ya kamata ya yanke. Jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 ta zauna kusa da Sinnar, da mahajjatan da hanyar Makka ta ajiye a Jazira da Gadarif, sun riƙe harshen nan fiye da shekara ɗari galibi da kunne, kuma ba na jin sun taɓa rikita kuka da kuka.

Ban ce tsohuwarki ta yi kuskure ba. Tsofaffi sukan karkata karin da gangan su tsokani jariri mai rigima, suna sane da cewa wasa suke yi da kalma, kuma wasan yana da daɗi ga wanda ya san asalin. Ki je ki tambaye ta. In kin je kuwa, ki kira ta Kaka, domin kalmar ba ta tsufa ba.

Daga Umdurman: Wanne ne daidai, rarrashi ko lallashi?

Duka daidai ne, bambancin karin harshe ne kawai, kamar harshe da halshe. Ki riƙe wanda kika ji a bakin mahaifiyarki.

Daga Wad Madani: Malam, na rubuta wa ƙanwar mahaifiyata saƙon godiya na ce ita ce ta raina ni tun ina jariri, sai ta yi fushi. Me na faɗa?

Ɗana, ka gaya mata cewa tun kana cikin zanen goyo take wulaƙanta ka, kuma tana da gaskiya da ta yi fushi. Aikatau biyu ne a nan. Ɗaya shi ne na raini, wato ƙasƙantarwa, kuma ba ya sauya siffa: ta raina yaro, ta raina shi. Ɗayan shi ne na raino, kuma yana tafiya irin ta saye: kamar yadda kake cewa ta sayi nono, ta saye shi, haka za ka ce ta raini yaro, ta raine shi. Abin da ya kamata ka rubuta shi ne "ke ce kika raine ni". Wasali ɗaya ne tsakanin godiya da zagi, kuma ina ganin wannan kuskure a saƙonnin waya fiye da yadda zan iya jurewa, har daga mutanen da ba za su taɓa cewa "ta saya shi" ba. Wuri guda ne rubutu yake gazawa, wato inda aikatau ya zo ba tare da karɓau a bayansa ba, kamar "yaron da ta raina". A nan siffofin biyu sun zama ɗaya a takarda, karin sauti ne kaɗai yake raba su, don haka mai hankali sai ya kauce ya rubuta "yaron da ta yi rainonsa". Masu cewa reno maimakon raino ba su yi laifi ba.

Tunda mun shigo, a daina haɗa raino da riƙo. Raino kula ne da ƙaramin yaro, wankansa da goyonsa da rarrashinsa, ko da na yini ɗaya ne, kuma yarinyar da ake ɗauka domin wannan aiki ita ce 'yar raino. Riƙo kuwa shi ne a ba ka ɗa ya tashi a gidanka, ci da sha da tarbiyya duka a wuyanka. Idan a gidan innarka ka girma, to ta raine ka kuma ta riƙe ka, godiya biyu take binka.

Daga Bur Sudan: Maƙwabciyata tana bar mini ɗanta mai wata takwas, da ta juya baya sai ya ƙwalla ƙara, ba ya yarda da kowa. Yaya ake kiran wannan da Hausa?

Ƙiwa ake cewa, wasu su ce ƙyuya, kuma kalmar ce dai da ake faɗa wa malalaci mai ƙin aiki. Yaro mai ƙiwa shi ne wanda ya gane uwarsa ya ƙi hannun kowa. Yawanci daga wata shida zuwa sama abin yake farawa, alamar wayo ce ba ta sammu ba, don haka ba ya bukatar hayaƙi ko rubutu. Ki roƙi uwar ta bar miki majanyinsa da zanen da ta saba goya shi da shi, ki goya shi ki ci gaba da aikinki a tsakar gida.

Daga Gadarif: Malam, mene ne bambancin jijjiga da girgiza? Matata ta ce in jijjiga yarinya har ta yi barci, da na yi sai ta ƙwace ta ta ce girgiza ta nake yi.

Malam, mai ɗakinka ta fi ka Hausa, kuma wannan bambanci ya wuce na ƙamus. Jijjiga motsi ne ƙanana, a hankali, a jere, wanda mai goyo take yi da gwiwoyinta tana tsaye, ko da cinya idan ta rungume yaro a zaune, tana ɗan bubbuga bayansa tana waƙar raino ƙasa-ƙasa. Shi ne abin da maƙwabtanmu Larabawa suke kira lolai. Girgiza kuwa da ƙarfi ake yin ta, ita ce ake yi wa itace don 'ya'yansa su zubo. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba, kansa ya fi ƙarfin wuyan, maɗigarsa ma ba ta rufe ba, kuma likitoci sun tabbatar cewa girgiza shi da ƙarfi, ko da na ɗan lokaci kaɗan, tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ta makantar ko ta kashe. Galibi ba mugunta ke kawo haka ba, gajiya ce, domin kukan jarirai yakan tsananta wajen mako shida da haihuwa, musamman da yamma, sannan ya ragu zuwa wata uku ko huɗu. Mai raino ya fara duba yunwa, da jiƙewar ƙunzugu, da zafin ɗaki, ya ɗora yaro a kafaɗa ya shafa bayansa har ya yi gyatsa. Idan duk an yi kukan bai tsaya ba, kuma zuciya ta fara tafasa, a kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci a kira wani ya karɓa. Idan kuwa akwai zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ko kukan ya sauya murya, to maganar ta bar hannun malamin harshe ta koma asibiti.

Daga Sinnar: Me ake nufi da "Mai ɗa wawa"?

Uwa ko uba ba ya ganin aibin ɗansa, kuma yakan yi abin dariya saboda shi. Idan uwar ta dawo ta tarar ɗanta ya hana ki sakat tun safe, ta ɗauke shi tana cewa ai shi ba ya rigima, kin ga fassarar da idonki.

Daga Kusti: Jariri da jinjiri ɗaya ne?

Ɗaya ne, kuma duka biyun ana ara wa sabon wata. Ana cewa jinjirin wata, ana kuma cewa jaririn wata.

Daga Damazin: Barci ko bacci?

A baki ki faɗi wanda kika ga dama. A rubutu barci ne.