Biki a Bakin Teku: Kafin Ku Tura Kuɗi, Ku Tura Ƙafa

Wasiƙun wannan makon duk iskar teku ce ta kaɗo su. Tun da hotunan amare a kan rairayi suka cika wayoyi, har wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba ya fara tambayar hanyar Legas. Ga waɗanda na tsamo.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bikina a watan Janairu ne in Allah ya kai mu. Angon a Legas yake aiki, can zan tare. Mun yi shawara bayan an ɗaura aure a nan Kano a yi 'yar walima a bakin teku, ta mutum kamar sittin. Ban san Legas ba, kuma duk wurin da aka ambata min sai wani ya kushe shi. Wallahi har barci ya fara gagara ta. (Amarya, Gwammaja)

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, ai kin ci rabin aikin. Kin bar ɗaurin aure a gida inda waliyyai da shaidu suke, kuma kin zaɓi rani. Daminar Legas ba irin tamu ba ce: tana farawa wajen Afrilu, ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo har Oktoba. Disamba rani ne, amma lokacin ne garin ke cika da baƙi 'yan hutun ƙarshen shekara, komai ya yi tsada. Bayan makon farko na Janairu an watse. Abin da za ki ji tsoro a nan gida yake, wato hazo. Yakan hana jirgi tashi daga filin Malam Aminu Kano, don haka ke da iyaye ku tafi da kwana biyu a hannu.

Sai wurin. Ki fara sanin cewa a Legas in an ce bakin teku na jama'a ne, ba ana nufin kyauta ba ne, kuma ba ana nufin naki ba ne. Akwai ƙofa, akwai mai karɓar kuɗi, kuma duk wanda ya biya zai shigo ya zauna kusa da rumfarki da irin shigar da ya ga dama. Elegushi da ke Lekki ya fi sauƙin zuwa, amma Asabar da Lahadi wurin kiɗa ne da mashaya. Ki auna ko kakar ango za ta iya zama a nan. In aka miƙa hanyar Lekki zuwa Epe, wajen Eleko da Ibeju-Lekki, hayaniya na raguwa, sai dai tafiyar ta ƙaru, kuma gosulon hanyar ba ya jin sunan amarya. Ta ɓangaren yamma akwai Badagry, can ma da nisa. Ga mutum sittin da dattawa a ciki, na fi son wurin da mota ke isa har bakin rairayi, a ranar Talata ko Laraba, a kuma kama sashe guda da za a kewaye muku.

Wanda zai je dubawa, ko ango ne ko ƙaninsa, ya je a irin ranar da kuma irin sa'ar da za a yi taron. Abin farko da zai nema shi ne layin tarkace: ciyayi, robobi da kwanson kaguwa da ruwa ya jera a kan yashi. Nan ne iyakar inda teku ta kai da ta ciko. Rumfa ta koma bayan layin da aƙalla taku talatin. Teku tana cikowa sau biyu a kwana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wurin da aka gani busasshe yau da la'asar, bayan mako guda a wannan sa'ar yana iya zama cikin ruwa. Mu da muke lissafi da wata mun huta: cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Ana samun jadawalin cikowa da janyewar ruwan Legas a intanet, a duba na ranar bikin.

Rana tana faɗuwa a Janairu wajen bakwai saura, kuma duhu ba ya jira. Ku fara bayan la'asar, a yi hotuna daga biyar da rabi, a tashi da magariba. Gaɓar Legas kudu take kallo, saboda haka rana ba cikin ruwa za ta faɗa ba kamar yadda kike gani a hotunan wasu ƙasashe, ta hannun damanki za ta sauka in kina fuskantar teku. A faɗa wa mai hoto tun yanzu. Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya.

Tambaya: Anti, ina so a kore kowa daga bakin tekun ranar dina ta, kada wani ya fito min a bidiyo. Wa zan gani? (Ango, Nassarawa)

Amsa: Gwamnan Legas, kuma ba zai yi ba. In kana son wurin da babu baƙon ido, ka kama wurin shaƙatawa mai katanga ka biya kuɗinsa. In ba ka da hali, ka zo da safiyar ranar aiki.

Tambaya: Anti, na samu wata mai shirya biki a Instagram. Hotunanta sun yi kyau sosai, ta ce komai da komai za ta yi, amma in turo kashi saba'in cikin ɗari kafin Juma'a don wasu na neman ranar. Kuɗin da aka ware na kayan ɗaki nake son in taɓa. In tura? (Yayar amarya, Rijiyar Zaki)

Amsa: Kada ki tura, ƙanwata. Ko sisi.

Abin yana ba ni mamaki. Mace za ta shiga Kantin Kwari ta murza atamfa, ta ɗaga ta a rana, ta duba bakin zanen, ta zaga shago biyar a kan ragin ɗari biyar. Ita ɗin ce kuma za ta ɗauki miliyoyi ta tura wa lambar asusun da ba ta san fuskar mai ita ba, don ta ga hoton fararen kujeru a kan yashi. Hoto kowa na iya saukewa. Da yawa daga waɗanda ake yawo da su ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. Ruwan Legas ba shuɗi garau ba ne kamar na tsibiran da ake tallatawa, yashin ma ba fari ƙal ba ne. In kin ga ruwa kamar an zuba bula, ki tambayi kanki.

Wani tarkon kuma tsohon hoto ne na wurin da ya riga ya canza. Bakin tekun Bar Beach da iyayenmu suka sani an cike shi an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. A ƙarshen Afrilun 2024 aka rushe gine-ginen bakin tekun Landmark don aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, kuma hanyar gaɓar ta bi, ta taɓa wurare da dama. Mai zaune a Kano bai san wannan ba, ɗan damfara kuwa ya san bai sani ba. Shi kuma "wasu na neman ranar" tsohon salo ne, ko dillalin fili a Ɗanbare da shi yake cin abinci.

Ga yadda ake yi. Wani naku da ke Legas, kuma babu gidan Kano da ba shi da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ya je wurin da ƙafarsa, ya shiga ofishin masu kula da shi, ya kira ki ta bidiyo yana tsaye a kan yashin. Ya tambaye su ko sun san matar. Kuɗin wuri a biya masu wuri kai tsaye, a asusun kamfani, a karɓo rasit mai kwanan wata da sa'a. Kafin alƙalamin mai shiryawa kada ya wuce kashi uku bisa goma, sauran sai kayan sun sauka. A rubuta abin da zai faru in ruwan sama ya sauko ko an rufe wurin.

Sannan a zauna da biro a tambayi abin da "komai da komai" ya ƙunsa, domin nan kuɗi ke tsiyaya. Kuɗin shiga a kan kowane kai ne, har masu girki da masu ɗaukar kujeru. A ce dubu biyar ne, mutum sittin da ma'aikata goma sha biyar sun tashi dubu 375 tun ba a sha ko ruwa ba. Akwai kuɗin ajiye mota, kuɗin shigo da abinci da lemo daga waje, kuɗin shiga da babbar kyamara, kuɗin shara, ga samarin wurin da za su zo a sallame su in ba a sa tsaro cikin yarjejeniya ba. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma sai da izini. Gwamnatin Legas ta haramta mazubin abinci na kumfa tun Janairun 2024, don haka kada a sayo katan-katan a Sabon Gari a yi dakonsu a banza.

Maganar kayan ɗaki kuwa, ki cire hannunki daga ciki. Gado da kujeru da tukwane shekaru amarya za ta yi tana mora, taron nan awa uku ne. Ranar kai amarya dangin miji ɗaki za su leƙa, ba wanda zai ce a nuna masa bidiyon teku. Mun ɗora wa kanmu kamu, da wuni, da dina, da anko kala uku, yanzu kuma ga tikitin jirgi. Ana gama biki uba ya shiga ɓuya saboda masu bin bashi. In kuɗin teku bai fito daga rarar aljihu ba, a bar shi.

Tambaya: Hajiya, ina gaisuwa. 'Yata da mijinta sun dage sai Tarkwa Bay, wai ruwan can ya fi kwanciya. Ni ko kogin Wudil na tsallaka ta gada sai gabana ya faɗi. Ga mahaifiyata mai ciwon gwiwa, ga jikoki. Ban son in ɓata musu rai. (Uwar amarya, Tarauni)

Amsa: Ina amsawa Hajiya, Allah ya sanya alheri. Tsoronki ba ƙauyanci ba ne. Gaskiyarsu, Tarkwa Bay a lungu take kusa da mashigar tashar jiragen ruwa, igiyarta ba ta kai ta sauran ba. Amma mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, tafiyar kamar minti ashirin. Kujera, janareta, tukunya, duk ta ruwa za su bi, kuma hukuma ta hana tafiyar dare, ke nan dole a kwaso kowa kafin magariba. Shiga da fita ƙaramin jirgi mai tangaɗi ba aikin mai ciwon gwiwa ba ne. Ki ce su je da abokansu washegari, kowa da rigar kariya daga nutsewa a ɗaure, kada a yarda da lodin da ya wuce ƙa'ida. Taron iyaye a yi shi inda taya ke kaiwa.

Ko a can ɗin, a sa babba guda biyu da ba su da wani aiki sai tsaron yara. Tekun Legas tana da wani jan ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi, yakan ɗauke wanda ruwa bai wuce masa gwiwa ba, balle mai babbar riga ko leshi da ya jiƙe ya yi nauyi. Kada amarya ta shiga ruwa don hoto. Ruwan teku yana alwala, amma a ɗebo a bokiti, kada dattijo ya tsuguna a bakin igiya. Ku tafi da butoci, da tabarmi, da jarkokin ruwa, a kuma duba banɗaki da ido kafin a biya, na mata daban. Alƙibla gabas maso arewa take, teku tana bayan kafaɗar dama.

Ki kuma isar wa mai rumfa da wannan: turke ba ya kama yashi, iska kuma tana ƙaruwa da yamma daga teku. Kowace ƙafar rumfa a ɗaure ta da buhun yashi biyu. A shimfiɗa katako a ɗora kafet daga mota zuwa mazauni, in ba haka ba ƙafar kujera da takalmi mai tsini nutsewa za su yi. Janareta a kan katako, ta inda iska za ta tafi da hayaƙin. Abinci a rufe har lokacin rabo, mayafi kuma a kama shi da fil.

Tambaya: Anti, Zanzibar fa? An ce garin Musulmi ne. (Ɗan kasuwa, Fagge)

Amsa: Haka ne Alhaji, kuma abincinsu ba zai ba ka damuwa ba. Ku biyu ko ku goma, madalla. Ka nemi biza tun da wuri, kuma tun Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar dala 44. Ka guji Maris zuwa Mayu, daminarsu ce. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa ƙwarai ya bar fili da ciyawar teku. Nungwi da Kendwa a arewa sun fi riƙe ruwa, kuma daga can ake ganin faɗuwar rana a cikin teku.

Tambaya: Anti, ni malamar makaranta ce, shi ma haka. Ruwa kawai nake so ya fito a bayana a hoto. Akwai dabara? (Amarya, Kabuga)

Amsa: Akwai, 'yata: Tiga. Kimanin kilomita 70 ne daga Kano, dam ɗin da aka kammala a 1974, kuma a hoto faɗinsa ya ishe ki. Babu igiya, babu tikitin jirgi, bas biyu sun kwashe ku. A je tun da wuri a nemi izinin masu kula da wurin, a gai da mai unguwa. Nuwamba ta fi, ruwa yana cike kuma hazo bai yi kauri ba. Kada yara su shiga, ruwan dam yana sa tsargiya kuma yana da zurfin da ba a gani. Ku taso da la'asar sakaliya, kafin sauro ya fito, ku yi magariba a gida.