Amsa ga ɗan'uwa mai sayar da hatsi a kan rantsuwa da girmama sunan Allah

Ƙanena, ka ce kana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, an yi muku wa'azi a kan doka ta uku cikin Dokoki Goma, kuma tun daga ranar hankalinka bai kwanta ba, domin bakinka ya saba da wallahi da tallahi, in kuwa ba ka rantse ba mai saye yakan ɗauka kana ɓoye masa wani abu. Ka kuma tambaya ko girmama sunan Allah ya tsaya a kan rantsuwa kaɗai, ko akwai abin da ya wuce nan. Zan amsa maka gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina koyarwa a nan Zariya, ina kuma zama tare da dattawan ikilisiya wajen sasanta 'yan'uwa, waɗanda mafi yawan rigingimunsu kuɗi ne tushensu.

Dokar tana cikin Fitowa 20:7, inda aka hana ambaton sunan Ubangiji Allah a banza, aka kuma ce ba zai ƙyale mai yin haka ba. A Matiyu 5:33-37 Yesu ya kai maganar nesa, ya ce kada a rantse sam, ko da sama ko da ƙasa ko da kan mutum, sai dai i ta zama i, a'a ta zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake. Yakubu ya maimaita wannan a wasiƙarsa, sura 5 aya 12. Saboda haka damuwarka tana da tushe, kuma ba zan ce maka ƙaramin abu ba ne. Amma ka lura da dalilin da ya sa mai saye yake neman ka rantse. Yana nema ne domin an sha yi masa ƙarya a kasuwa, har maganar ɗan kasuwa ta daina yin nauyi a kunnensa in ba a ɗora mata sunan Allah ba. Idan ka bar wallahi a yau alhali farashin da kake faɗa ka saro da shi ba gaskiya ba ne, ka gyara baki ne kawai, cutar tana nan inda take.

Kai ka fi ni sanin yadda abin yake. Mutum ya zo sayen masara, ya taya, sai mai rumfa ya ce wallahi ko uwar kuɗi ba ta fito ba, a Giwa ma haka ya saro, alhali ya san ribar da ke kan kowane buhu. Shawarata ita ce ka daina faɗin abin da ka saro da shi gaba ɗaya, tun da ba wanda ya wajabta maka. Ka ce, "Malam, kuɗinsa ke nan, ƙasa da haka ba zan iya sallamawa ba," in ya ce ka rantse, ka ce masa cikin ladabi kai ba ka rantsuwa, amma ga buhu nan, ya tura hannu har ƙasa ya duba. Ciniki ba zunubi ba ne, riba ma ba zunubi ba ce, kuma sa farashi sama domin a taya al'ada ce da kowa ya sani, ba yaudara a cikinta. Yaudarar tana shigowa ne lokacin da aka kawo labarin ƙarya, aka kuma kira Allah ya zama shaida a kansa. Ba zan ɓoye maka ba, da fari wasu za su wuce rumfar gaba, kuma za ka ji zafin hakan a aljihunka. Abin da na gani a wurin waɗanda suka daure shi ne, masu dafa abincin sayarwa da matan gida masu saye duk wata sukan dawo su manne musu, domin sun gaji da zuwa gida su tarar da tsakuwa da ƙaiƙayi a gindin buhu.

Nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Littafin Firistoci sura 19 ya jera abubuwan a wuri guda: a aya ta 12 an hana rantsuwar ƙarya da sunan Allah, a aya ta 13 an hana riƙe ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, a aya ta 35 da 36 kuma an ce ma'auni ya zama na gaskiya, kuma a tsakanin dokokin ana ta maimaita cewa, "Ni ne Ubangiji." Wato sunansa yana kan mudu kamar yadda yake kan harshe. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Akwai wata rigima da aka taɓa kawo mana, tsakanin wata gwauruwa mai tuyar ƙosai da wani ɗan'uwa mai sayar mata da wake, dukansu 'yan majami'a ɗaya. Ta ce waken da take saye ba ya kai mata yadda ya saba. Wani dattijo ya ce a kawo kwanon awon, da aka kifa shi sai ga gindin a buge an tura shi ciki, ba sosai ba, ɗan kaɗan ne da ido ba zai kama ba sai an shafa da yatsa. Mutumin nan yana cikin mawaƙa, ba a taɓa jin wallahi a bakinsa ba, kuma a saman rumfarsa an rubuta sunan Allah da manyan baƙaƙe. Maƙwabtansa na kasuwa, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, sun riga mu sanin labarin kwanon, kuma ba sunansa kaɗai suke kira ba in suna zancen, har da na addininsa.

Wannan shi ne abin da Bulus ya faɗa a Romawa 2:24, cewa ana saɓon sunan Allah a cikin al'ummai saboda mutanensa. Mu a Zariya ya kamata mu fi kowa fahimtar haka, domin ba mu da wurin ɓuya. Da zarar an ji sunanka Yohanna ko Istifanus ko Rahila, an san inda kake sujada ran Lahadi, kuma da mu da maƙwabtanmu duka Allah muke kira, suna kuwa auna yadda muke riƙe da sunan. Haka abin yake tun farko. Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Angilikan, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905 yana magani yana koyar da yara, kafin a mayar da aikin Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausawa. Littafi Mai Tsarki cikakke bai fito da Hausa ba sai 1932. Masu bi na wancan zamani 'yan kaɗan ne, ba su da sarauta, ba su da yawan da za su yi taƙama da shi, kuma mafi yawan mutanen gari ba su taɓa buɗe littafinsu ba. Abin da aka sani game da bangaskiyarsu shi ne yadda aka karɓi marar lafiya a asibitin Wusasa, da irin yaran da makarantar take yayewa. Daga cikin wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai bishara. Ba na cewa zamanin da ya fi namu tsarki, kowane zamani da nasa laifin, amma sun san cewa hali ake fara ji kafin wa'azi.

Akwai wata hanyar wasa da sunan Allah da ta fi wallahi yawa a bakinmu, kuma ba a cika yin wa'azi a kanta ba, wato "in Allah ya yarda." Kalmar kanta daidai ce, Yakubu 4:13-15 ma ya umarce mu mu riƙa faɗinta in muna shirin gobe. Amma ka dubi tela a makon Kirsimeti, ɗinki ya taru masa har rufi, ya karɓi yadin wata baiwar Allah ya ce ta dawo jibi in Allah ya yarda, alhali ya san ko yanka shi ba zai yi ba. Ko wanda ake bin sa bashi ya ce ƙarshen wata in Allah ya yarda, a zuciyarsa kuwa ya riga ya tsara inda albashin zai tafi. Wannan ya mai da Allah mai laifin saɓa alkawarinsa ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ka ci bashi ko ka kasa biya a kan lokaci. Abin da ya dace shi ne ka je da ƙafarka kafin ranar ta cika, ka ce ba ka samu ba, ga abin da ya samu, saura sai rana kaza. Zabura 15:4 ta yabi wanda yake cika alkawari ko da zai cutu. A ganina mai bi ɗaya da yake yin haka a layin 'yan hatsi ya fi amfani ga bishara a kan lasifikar da ake kwana ana kunnawa a unguwa ana hana jama'a barci.

Haka nan "Allah ya ce mini." Yanzu ya zama ruwan dare, saurayi ya ce wa budurwa Allah ya nuna masa ita ce matarsa, wani ya ce an bayyana masa cewa surukar wance ce ta ɗaure mata mahaifa, a kawo kuɗi a yi addu'a. Na ga gidajen da irin wannan magana ta raba. Irmiya sura 23 ta yi kashedi mai tsanani ga masu cewa Ubangiji ya faɗa alhali bai aike su ba, kuma Ayyukan Manzanni 19:13-16 ta ba da labarin 'ya'yan Siba da suka ɗauki sunan Yesu kamar laya, suka fita da rauni tsirara. In ra'ayinka ne, ka ce ra'ayinka ne, ba wanda zai raina ka. Sai kuma "Allah ya isa," wadda takan fito da sauri in an cuce ka. Kai ƙara wurin Allah ba laifi ba ne, Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta, amma jefa sunansa a kan mutum domin ya lalace wani abu ne dabam, Romawa 12:14 kuwa ta ce mu sa albarka, kada mu la'anta. Waɗanda suka ga ƙone-ƙonen majami'u a Zariya a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya bazu, sun san wannan umarni ba mai sauƙi ba ne, kuma ba na faɗarsa da wasa.

Game da rantsuwa a kotu ko wajen kama aiki, kada ka sa wa kanka damuwa. Ƙa'ida ta 39 cikin ƙa'idodin bangaskiya na ikilisiyar Angilikan ta ce an hana rantsuwar banza da ta garaje, amma mai bi yana iya rantsuwa in hukuma ta nema domin gaskiya da adalci. Bulus ma ya kira Allah shaida a 2 Korantiyawa 1:23 a kan magana mai nauyi. Wanda lamirinsa bai yarda ba, doka ta ba shi damar yin alkawarin faɗin gaskiya ba tare da ya dafa littafi ba.

Sabon baki kuwa ba ya fita rana ɗaya. Abin da na ga yana taimakawa shi ne mutum ya gaya wa na kusa da shi, matarsa ko yaron shagonsa, cewa duk lokacin da suka ji ya rantse su tuna masa, shi kuma ya tsaya nan take ya sake faɗin maganar ba rantsuwa. Akwai ɗan nauyi a ce yaronka ne yake gyara ka, amma wannan nauyin ne yake sa abin ya zauna. Kafin ka fita da safe, in kun yi Addu'ar Ubangiji da iyali kun zo wurin "a tsarkake sunanka," ka ɗan dakata ka tuna da waɗanda za ka yi hulɗa da su a ranar, da ɗan dakon da zai sauke maka kaya yana jiran a sallame shi kafin yamma, da wanda ya bar maka ajiya. Ka riƙa karanta addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9, wanda ya roƙi kada a ba shi talauci ko wadata, don kada ya ƙoshi ya yi musun Allah, ko ya talauce ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Addu'ar ɗan kasuwa ce, musamman a shekarar da farashi yake hawa kowa yana ɓoye hatsi yana jiran bazara.

In ka duba baya ka ga akwai wanda ka cuta da rantsuwa ko da awo, kada ka tsaya a kan roƙon gafara a ɗaki. Gafara tana nan cikin Almasihu, ba da aikinmu muke sayenta ba, amma Zakka mai karɓar haraji da ya tuba a Luka 19:8 sai da ya yi maganar mayar wa mutane haƙƙinsu. Wanda ka san shi, ka kira shi gefe ka cika masa abinsa, ba sai ka tara jama'a ba. Wanda ba za ka iya gano shi ba, ka nemi fastonku ko wani dattijo da ka amince da shi ku yi shawarar inda kuɗin zai tafi, ko ga gwauraye da marayu na ikilisiya ko ga mabukatan da ke kewaye da kasuwar. Gobe kuma ka ɗauki mudunka ka gwada shi da na maƙwabcin da kowa ya yarda da awonsa, a gabansa, in an sami bambanci ka sayi sabo.