Amsa: Mantuwar Baba tun da zuciyarsa ta yi rauni

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce tun da zuciyarsa ta yi rauni ya koma yawan mantuwa, ga shiru da ƙin abinci, kina tambaya ko tsufa ne kawai. Don Allah kada ki ɗora wa tsufa komai.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. In zuciya ta kasa tura jini sosai, dole ƙwaƙwalwa ma ta ji jiki. Ga rashin barci, tunda numfashi ba ya barin mutum ya kwanta sai ya tara matasai.

Na gani a kan Innarmu a nan Gombe. Matar da ke riƙe lissafin adashi a ka, sai ga ta tana tambayata sau uku ko ta yi la'asar. Ranar na yi kuka. Da aka auna jininta, ashe maganin fitsarin da take sha saboda kumburin ƙafa ya rage mata sinadarin gishiri. Likita ya gyara maganin, ta samu sauƙi.

Shirun nan ma ki faɗa wa likita, ciwon damuwa yana yawan bin ciwon zuciya, kuma yana da magani. Ki riƙa ba shi ƙwayoyinsa da hannunki, kar ya maimaita ko ya tsallake. In ya ruɗe farat ɗaya ko bakinsa ya karkace, ku wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko da tsakar dare ne.